Dutsen Suna na Ƙasar Kurmazau

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu don kada ta zame, ya zuba teku ya ce mata nan ne iyakarki, ya halicci ɗan Adam ya ba shi ƙafa mai yawo da ido mai kwaɗayi. Ku gyara zama, ya ku ma'abota hira, ku ji abin da ya same ni a ƙasar Kurmazau, wadda take can bayan Jan Teku, inda rana ke makara wajen fitowa saboda tsayin duwatsu. Abin da idona ya gani zan faɗa, wanda ban gani ba kuwa na bar wa masu baki biyu.

Ni dai tun ina ƙarami mai son ganin ƙwaƙwaf ne. In aka ce mini rijiya tana da zurfi, ba na yarda sai na zura guga da hannuna. Wannan hali shi ya fitar da ni daga gidan ubana, na bi ayari na bi jirage, har na faɗa Kurmazau da niyyar in huta in wuce. Ina! A bakin gaɓa na yi arba da wata mai sayar da bandar kifi, Yalwa sunanta, na tambaye ta yadda ake kama kifin da yadda ake busar da shi da irin itacen da ake turara shi, har ta gaji ta ce, "Malam, saye ka zo ko alƙalanci?" Kafin damina ta zagayo mun yi aure. Kafin ta sake zagayowa Yalwa ta haifa mini ɗa namiji, mai manyan idanu irin nata.

Da gari ya waye na saɓi sandata zan fita, sai surukina Korau ya tare ni a zaure. Dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, haifaffen babban tudu, wanda bai taɓa yarda ya shiga jirgi ba.

"Ina zuwa, ɗana?"

"Kasuwa, Baba. Zan duba ragon suna."

Ya dube ni kamar na ce zan auro kura. "Rago? Me rago ya sani game da suna? Zauna nan."

Na zauna ya warware mini. Kurmazau kashi biyu ce, akwai babban tudu, akwai tsibiran da suka warwatsu cikin teku, duka kuwa al'adarsu ɗaya. Uban jariri shi zai hau dutsen da ya fi kowane tsayi a ƙasar, ya ɗauko tsakuwa ɗaya daga ƙololuwarsa. Ranar suna sai ya jefa ta cikin ƙwaryar ruwan sanyi, ya rantse cewa daga wuri mafi tsayi ya ɗauko ta. In zuciyarsa ta yarda da abin da bakinsa ya faɗa, ruwan zai yi ɗumi, a wanke yaro, uwa ta kira sunan, yaro ya juyo. In akwai kokwanto ko da ƙwayar gero ne, ruwa ba zai motsa ba. Wa'adi kuwa haƙorin fari ne. Yaron da haƙori ya riga suna, raba shi ake yi da uwarsa a miƙa wa Marasa-kira, mutanen da ke zaune kan jiragen kara tsakanin tudu da tsibirai. Ba a kiransu, ba a gaishe su, ba sa taka ƙasa har su mutu.

Na ce, "To, Baba, wane dutse ne mafi tsayin?"

"Bajimi mana! Ga shi can bayan gari, makaho ma yana jin inuwarsa."

"Ƙarya yake yi, ɗana," in ji wata murya daga bayan zana. Surukata ce Inna Gwamma, wadda aka auro daga tsibirai. "Zanko ne, na tsibirinmu. Bajimi ai a gwiwar Zanko yake tsayawa."

"Ke, da wane dutse aka sa wa 'yarki suna?"

"Da naka, shi ya sa ta fito da taurin kai."

Suka shiga yi, da alama sun daɗe suna wannan faɗa kuma suna jin daɗinsa. Na bar su na shiga wurin Yalwa. Tana zaune da yaron a cinya, ba ta yi dariya ba.

"Maigida," ta ce, "ni ba ruwana da wanda ya fi wani. Ka bi Baba, ka hau Bajimi kamar kowa, ka kawo mini tsakuwa mai ɗumi. In aka ɗauke mini yaron nan ba zan rayu ba, ka ji na gaya maka."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, hawa dutse ai ba yaƙi ba ne.

Mutanen tudu suna da wata malafa da ake ɗaura wa uban jariri, mai faɗin baki, mai lanƙwasa ƙasa, wadda in ka sa ba ka ganin komai sai ƙafarka da ɗan abin da ke gabanta. Malafar ladabi suke ce mata. Korau da kansa ya ɗaure mini igiyarta a haɓa, ya ce girman dutse ne ya sa ba a ɗaga masa ido, kada in kwance ta sai na sauko. Na yi ta hawa, na wuce gonaki, na wuce kurmi, na shiga inda itace ba ya tsiro. A can na tarar da awaki masu gashi har ƙasa, waɗanda in ka kama jelar ɗaya sai ta ja ka ta wurin da ƙafar mutum ba za ta iya ba, ladanta ɗan gishiri a tafin hannu. Sama da su kuwa ƙanƙara ce kwance fara fat, abin da ban taɓa takawa ba a rayuwata.

Saura ƙiris in kai ƙololuwa sai na ji inuwa ta rufe ni, kafin in ce me ke nan an fizge ni sama. Gaggafa ce, wadda fiffikenta ɗaya zai rufe ɗaki, ta kafa farata cikin malafar. Ƙafafuna suna reto, igiya ta shaƙe ni har idanuna suka firfito. Na ga in na bari ta wuce bakin dutsen da ni, sai dai 'ya'yanta su yi kalaci. Na lalubi ƙullin na ja, na faɗo tim cikin ƙanƙara mai taushi, ita kuwa ta tafi da malafa tana murna.

Na rarrafa na ƙarasa. Na tsuguna na ɗauki tsakuwa baƙa, wallahi kuwa na ji ta da ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai. Na miƙe da farin ciki, kaina babu malafa, ido kuwa ba a ɗaure shi. Sai ga teku shimfiɗe, ga tsibirai barbaje, can a tsakiyarsu ga wani dutse siriri ya soke gajimare, sai da na ɗaga haɓa kafin na ga kansa. Ban ma gama tunani ba, tsakuwar ta mutu a hannuna, ta yi sanyi. Na hura mata iska, na cusa ta a hammata, na rufe ido na yi ta faɗin Bajimi ne, Bajimi ne. A banza. Ashe abin da malafar ladabi ke tsarewa ke nan.

Ban iya bi ta gida ba, don ban san da wane ido zan dubi Yalwa ba. Na aika mata da saƙo ta bakin wata mai itace cewa aiki bai ƙare ba, na gangara gaɓa na shiga jirgin tsibirai. A hanya muka ratsa ta wurin Marasa-kira. Suna zaune kan jiragensu suna gyaran komar kamun kifi, yara suna wasa babu hayaniya, matuƙinmu ya kawar da kai kamar ba mutane ba. Wata yarinya ta ɗago mini hannu, na ɗaga mata, matuƙi ya buge mini hannun da filafilin tuƙinsa.

A tsibirin Zanko na nemi ƙanen Inna Gwamma, Kawu Ciwake, dogon mutum mai dariya da duk jikinsa. Da ya ji labarina ya buga cinya.

"Madalla! Allah ya nuna maka gaskiya da idonka. Amma fa abin da ka hango rabin Zanko ne. Mutanen tudu daga gindin gona suke fara lissafin dutsensu, mu kuwa namu ƙafarsa tana ƙarƙashin teku. A nan ba a hawa sai an fara sauka."

"Sauka ina, Kawu?"

"Za ka gani. Ka ci abinci da yawa? To, da ka sani ba ka ci ba."

A tsibirin nan ana shuka wani irin duma da gorarsa ke kai girman rumbu. Suka sa ni cikin ɗaya, suka toshe baki da kakin zuma, suka shafe gindinta da danƙo don ta ɗebo laka ta zama shaida, suka rataya mata duwatsu, suka zura ni da igiya. Na yi ta tafiya ƙasa cikin duhu, kunnuwana suna ƙara, sanyi yana ratsa gorar, har na fara zaton sun manta da ni sun tafi cin tuwo. Can na ji ta dira. Ban gama hamdala ba sai na ji an mirgina ni, an sake mirginawa, sa'an nan wani zafi da ƙarni suka rufe gorar, ina jin ƙugi ta kowane gefe. Na gane wani abu ne ya haɗiye ni da ni da ɗakina.

Wayyo, na kira uwata, na kira kakata. Da na ga babu mai zuwa, sai na tuna yadda matan garinmu ke kiɗan ƙwarya ranar biki har ƙasa ta riƙa rawa. Na cire takalmana biyu na shiga dukan bangon gorar, na yi na shigar amarya, na yi na fitarta, na ƙara da wanda ban san sunansa ba. Cikin dabbar ya fara murɗawa. Na ƙara wuta. Sai ji na yi an feso ni kamar ƙwallon goriba, igiya ta miƙe, aka yi ta ja. Da suka fasa kakin na fito, Ciwake ya zagaya gorar yana shafa sawun haƙora, kowane ɗaya zai ɗauki kan mutum.

"Tabɗi! Uwar Kifi ce. Ba ta cika mayar da abin da ta ci ba. Me ka ba ta?"

"Kiɗa, Kawu. Ba ta da kunnen biki."

Suka shimfiɗa mini igiyar a bakin gaɓa in ga tsawonta, ta tafi har ta sha kwana. Lalle na girgiza, na ce wannan dutse ba na wasa ba ne. Ciwake ya raka ni hawa. Su ba su da malafa, amma hanyarsu ta bayan dutse take bi, ta fuskar da babu komai sai ruwa har ƙarshen duniya, kuma a ƙololuwa akwai wani ɗan bango da kakanni suka gina wai don tare iska. Na ɗauki tsakuwa ja a gindin bangon. Ba ta yi sanyi ba, ba ta kuma yi ɗumi ba, tana nan tsaka-tsaki kamar kunun da ya kwana.

"Mu tafi," in ji Ciwake. "Kan hanya za ta ƙarasa."

"Bari in leƙa bayan bangon nan, Kawu. In na ga Bajimi a ƙasa, shi ke nan zuciyata ta kwanta."

Dariyarsa ta ɗauke. "Ɗana, kada ka leƙa. Ni na haifi 'ya'ya, duk da sunansu, ban taɓa leƙawa ba."

Amma tsakuwa mai rabin rai ba za ta ɗumama ƙwarya ba, na sani, shi ma ya sani. Na taka bangon na leƙa. Ga babban tudu kwance, ga Bajimi ya tashi da faɗinsa da farin rawaninsa, sai da na ɗaga haɓa kafin na ga kansa. Daga can wannan ya fi, daga nan wancan ya fi. Na zauna a kan bangon na yi kuka sosai, ba na jin kunyar faɗa, don a lokacin watanni sun shuɗe kuma na san yaro ya fara kai hannu baki.

Ciwake ya tona ƙasa da yatsan ƙafa. Can ya ce, "Akwai wasu mahaukata a ƙarshen tsibirai, ba ma son zancensu. Dutsensu Yankakke, guntu ne, akuya ma tana raina shi. Amma suna cewa wai shi ne babba. Tun da kai ba ka jin magana sai ta ido, je ka gani."

Ya ba ni ƙaramin jirgi da jakar gero ta guzuri. Na isa wani tsibiri mai baƙar ƙasa, dutsensa kamar an sare shi da gatari daga kafaɗa. Mutanen wurin kaɗan ne, sana'arsu tara kashin tsuntsaye suna kai wa manoma taki. Wata tsohuwa mai ido ɗaya, shugabar masu tarawa, ta saurare ni tana tankaɗe.

"Wuta ce ta fito daga cikinsa zamanin kakannin kakanni," ta ce. "Mutane suka ce ta cinye kansa. Ba ta cinye ba, jikana, launinsa kawai ta ƙone. Ɗaga kanka."

Na ɗaga. Can sama, inda babu komai sai shuɗin sarari, ga tsuntsaye zaune. Ba tashi suke ba, zaune suke, fiffike a naɗe, wasu ma suna barci. Daga bakin yankakken dutsen kuwa ga wani farin zane ya miƙe cikin iska yana karkacewa.

"Kashinsu ne ke nuna hanya," in ji ta. "Inda ka ga fari, taka. Inda babu, kada ka gwada wayonka."

Na hau. Ban san yadda zan kwatanta muku tafiya a kan abin da ba a gani ba. Ƙafa tana jin dutse, ido yana ganin teku a ƙarƙashinta, ciki kuwa yana ta roƙon a koma gida. Na yi ta bin farin zanen nan da rarrafe, tsuntsaye suna kallona suna matsawa kaɗan, har na iso inda manyansu ke kwana. Na miƙa sanda sama da kowane gefe, ban taɓa komai ba. Na san na kai ƙarshe. Na laluba na tsinci tsakuwa, wadda ba a ganinta sai ɗan farin da ya ɓata gefenta, sa'an nan na miƙe na duba.

Bajimi yana dama, Zanko yana hagu, kawunansu daidai da idona, ban ɗaga haɓa ba ban kuma sunkuyar ba. A daidai lokacin wani baƙin hadari mai faɗin ƙasar duka ya sauko ya zauna a kan su biyun da kan wanda nake tsaye, ya zauna daram bai karkata ba. Sai na ga murhu. Duwatsu uku ne da tukunya a kai, in ɗaya ya fi sauran tsayi ai da tuni miya ta zube. Na yi dariya ni kaɗai a sararin Allah, na ji daɗin da ban taɓa ji ba tun da na bar gida, don abin da na fito nema ke nan, in ga yadda aka gina duniya. Sai na tuna da abin da ke hannuna. Sanyi ƙalau.

Hadarin nan bai bar ni na gama baƙin ciki ba, ya kece da ruwa. Kafin ya ɗauke ya wanke farin zanen tas, na zauna a tsakiyar iska babu gaba babu baya. Na daɗe a ƙudundune kafin na tuna da jakar Ciwake. Na ɗebi gero na watsa gabana. Wanda ya sami dutse ya tsaya, wanda bai samu ba ya wuce teku, tsuntsaye kuma suka sauko suna tsattsaga, suka zame mini 'yan jagora. Haka na sauko, watsa in taka, watsa in taka, gero ya ƙare daidai inda dutse ya fara ganuwa.

Na iso gida da tsakuwa uku a jaka. Yalwa ta rame har sai da na sake dubanta. Ba ta yi mini sannu da zuwa ba, ta kama hannuna ta sa yatsana a bakin yaron. Dasashinsa na ƙasa ya kumbura, akwai wani ɗan fari yana ƙoƙarin ɓullowa. Ya yi girma, ya kama gemuna yana dariya, bai san ni ba.

"Akwai mai ɗumi?" ta ce.

Na ba ta labari duka, har da murhu. Ta saurara har ƙarshe.

"To, ka ga yadda aka gina duniya," ta ce a hankali. "Ni kuma me zan kira ɗana?"

Washegari da hantsi aka taru a bakin gaɓa, inda ake suna. Uwar Suna, tsohuwar da ke riƙe da ƙwaryar garin, ta ɗebo ruwa ta ajiye. Nesa kaɗan cikin ruwa ga jirgin kara ya tsaya, wata mace daga Marasa-kira tana zaune da majanyi a cinya, ba wanda ya kira ta, labari ne ya kai mata. Korau ya matso kusa da ni.

"Ɗana, manta da abin da ka gani. Ka tuna sanyin Bajimi, ka tuna wahalar da ka sha. Rufe ido ka rantse."

Na jefa baƙar tsakuwa na rantse. Uwar Suna ta tsoma yatsa ta girgiza kai. Inna Gwamma ta ce a gwada ja, yau kam babu tsiya a bakinta, har tana cewa ko ta Bajimi ce ta yi ita ta yarda. Na jefa na rantse. Shiru. Na jefa ta ukun, wadda mutane suka ji ƙararta ba su gan ta ba, har wasu suka ja da baya. Ruwa yana nan yadda aka ɗebo shi. Na gaya musu abin da na gani a kan Yankakke, na tudu suka ce tsibirai sun saye ni, na tsibirai suka ce tudu ya saye ni. Matar jirgin kara ta fara warware majanyinta. Yalwa ta ƙanƙame yaron har ya fasa kuka.

Sai na ce, "Iya, ni fa ina da suna. Ubana bai hau dutse ba, rago ya yanka, amma sunan ya kama ni, duk inda aka kira na amsa. Ba a ba da shi?"

Tsohuwa ta dube ni. "Ana bayarwa. Kakata ta ga an yi sau ɗaya. Hannunka za ka tsoma maimakon tsakuwa. Amma ka ji sauran kafin ka yi gaggawa. Suna kamar kare yake, in yana ganin tsohon maigidansa wata rana zai koma, ya bar yaro fanko. Yau ɗin nan za ka bar Kurmazau, kai da yaron ba za ku sake zama ƙasa ɗaya ba. In an kira kuma ba za ka amsa ba har ka mutu."

"A'a!" in ji Yalwa. "Iya, a nemi wata hanya. Maigida, kada ka yi."

"Akwai wata, Iya?" na ce.

Tsohuwa ta nuna jirgin kara da haɓa.

Na naɗe hannun riga na tsoma hannuna. Na yi ta yawo a duwatsu uku ina neman abin da zuciyata za ta yarda da shi ban samu ba, wannan kam babu kokwanto a cikinsa ko na ƙwayar gero. Na ce na ba shi, na ba shi duka. Tururi ya tashi daga ƙwaryar har ya rufe mini fuska. Mata suka rangaɗa guɗa, aka karɓi yaron aka wanke, aka mayar wa uwarsa. Matar jirgin kara ta naɗe majanyinta ta juya.

"Kira shi," in ji Uwar Suna.

Yalwa ta tsaya. Tun da na aure ta ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kunya ba ta bar ta ba, ko a bayan idona an ce "shi" take cewa. Ta dube ni, ta dubi yaron.

"Nomau," ta ce.

Yaron ya bar wasa da ɗan kunnenta ya juyo. Ni ma bakina ya buɗe da kansa, na'am ta taho har kan harshe, tsohuwa ta yi wuf ta toshe mini baki da tafinta mai ƙarnin kifi.

"Ba da kai ake ba, bawan Allah."

Korau, wanda bai taɓa yarda ruwan teku ya taɓa shi ba, shi ya shiga har gwiwa ya riƙe mini jirgi na hau. Hawaye yana bin gemunsa. Na kama filafili na tura.

"Nomau!" na ji daga gaɓa. "Nomau!"

Yaron a hannunta yake, kunnensa dab da bakinta, ba ya bukatar a ɗaga murya haka. Ta yi ta kira, jirgi yana nisa tana ƙara ƙarfi, har muryarta ta dushe. Na cije leɓena sai da na ji gishirin jini, don kada in amsa.

Nan hikayata ta tuƙe, ba ni da sauran abin ƙarawa. Ku da kuka ji, ku taya ni cewa Allah ya raya.